Yadda na gyara gaisuwar wasiƙarmu zuwa Sifaniyanci

Yayana yana sayar wa wani ɗan kasuwa na Meziko zoɓo, ni ke juya masa wasiƙu daga Turanci. Wasiƙa ta biyu da muka aika, amsar ta dawo a taƙaice, ba sakin fuska. Da farko na zaci farashi ne, daga baya na zargi rubutun kalmomi. Duk ba su ba ne.

Ashe manhajar fassarar da nake amfani da ita ta mayar da "Dear" zuwa "Querido", kalmar da ake rubuta wa ɗan'uwa ko aboki. Kuma "you" ɗin Turanci ɗaya ne, Sifaniyanci kuwa ya raba: "tú" na sa'a da yara, "usted" na girmamawa, kamar mu da "kai" da "ku". Manhajar ta cakuɗa su a sakin layi guda.

Na fara da gaisuwa: "Estimado señor", sai sunan dangi. Nan ma na yi kuskure a baya, domin mutanen Meziko sunayen dangi biyu gare su, na uba a gaba, na uwa a baya, ni kuwa na ɗauki na bayan. Na koma na uban, na rufe gaisuwar da ɗigo biyu maimakon waƙafi. Sannan na bi aikatau da wakilan suna ɗaya-ɗaya, na mayar da su na "usted": "puedes" ya zama "puede", "tu" ya zama "su", "te" ya zama "le". Inda ake nufin kamfaninsu duka na sa "ustedes", jam'in "usted", don a Meziko ba sa amfani da "vosotros", jam'in "tú". Ƙarshe na rufe wasiƙar da "Atentamente", kalmar sallama ta girmamawa.

Alhamdulillahi, amsa ta zo da fara'a. Godiya ga malamar da ta duba min.