Yadda Ake Raba Kalmar Turanci Gaɓa-Gaɓa: Misalin "record"

Mai buga takarda ya kai ƙarshen layi, kalma ba ta ƙare ba, dole ya yanke ta ya sa karan ɗori (-). A Hausa abin ba wuya, domin kowace gaɓa da baƙi take farawa, wasali ya biyo: ma-ka-ran-ta. Turanci kuwa ba ido ke yanke hukunci ba, kunne ne da ma'ana. Ga yadda za ka bi.

Da farko furta kalmar, ka ƙirga sautin wasulan da ka ji, ba haruffan da ka gani ba. Ɗora bayan hannunka ƙarƙashin haɓa. Duk saukowar haɓar gaɓa ɗaya ce. "make" wasali biyu a rubuce, amma gaɓa ɗaya ce, don "e" ɗin ƙarshe ba a furta shi. "hoped" gaɓa ɗaya, "wanted" biyu. A nan sai Bahaushe ya kiyaye harshensa, saboda mun saba cusa wasali tsakanin baƙaƙe, shi ya sa "bread" mai gaɓa ɗaya ta koma burodi a bakinmu. Idan ka ƙirga da wannan furucin, lissafi ya ɓaci. Kalma mai gaɓa ɗaya ba a yanka ta ko ta kai "strengths" tsawo. Ɗauke ta ɗungurungum zuwa sabon layi.

Na biyu, kuma nan ne gizo ke saƙar: duba aikin da kalmar take yi a jimla. "record" rubutu ɗaya ce, ma'ana biyu. Idan suna ce, wato bayanin da aka adana ko faifai, ƙarfin murya yana kan gaɓar farko, ana yanka ta rec-ord. Idan aikatau ce, wato a rubuta abu ko a naɗi murya, ƙarfin ya koma gaɓa ta biyu, sai ta zama re-cord. Haka "present": kyauta pres-ent, gabatarwa pre-sent. Kwamfuta ba kullum take gane wannan ba. Idan ka kunna yankan kalma a Microsoft Word, ka bi irin waɗannan da idonka.

Na uku, dubi ginin kalmar. Ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa tushen kalma a farko ko a ƙarshe, ana ware su: un-kind, teach-er. Baƙi biyu iri ɗaya a tsakiya, yanka tsakaninsu: let-ter, run-ning. Amma tell-ing daban ce, don tushenta da "ll" yake. Haruffan da suka haɗu suka ba da sauti ɗaya, irin "th", "sh" da "ch", ba a raba su, kamar yadda ba za ka raba "ts" a tsuntsu ba: fa-ther. Kalma mai ƙarewa da baƙi da "le" tana tafiya da baƙin: ta-ble, lit-tle.

Kada ka bar harafi ɗaya tilo a bakin layi. "about" gaɓa biyu ce, amma a-bout munin gani gare ta.

Sannan ka buɗe ƙamus. Merriam-Webster na Amurka yana sa ɗigo a tsakiyar kalma wurin da aka yarda a yanka. Sai dai Amurkawa sun fi bin furuci, su rubuta knowl-edge, al'adar Ingila kuma ta fi kula da tushe, know-ledge. Kowanne ka ɗauka daidai ne, illa dai a gauraya su a takarda guda.

Akwai kuma karan ɗorin da ba ruwansa da ƙarshen layi, ma'ana yake tsarewa. "resign" murabus ne, "re-sign" kuwa sake sa hannu. "recover" farfaɗowa, "re-cover" sake rufewa. Wannan karan ba a cire shi ko a tsakiyar layi. A wasiƙar ofis, ɓacewarsa kaɗai na iya mai da mai sabunta kwantiragi mai ajiye aiki.