Kurakuran da masu fara karatun tarihi suke ta maimaitawa

Wallahi abin ya ishe ni, duk wanda ya fara sha'awar tarihi sai ka ga ya rufta ramin da na rufta shekarun baya, kamar wasiyya aka bar mana. To bari in amayar da abin da ke cikina, mai ɗauka ya ɗauka.

Babbar masifar ita ce hadda. Mutum ya zauna ya haddace 1914, 1918, 1939, 1945 kamar mai bitar lambar waya, shi nan a ganinsa ya zama masani. Ni ma haka na yi kuma na ji a jikina. Na shiga jarrabawa kaina dam da shekaru, na san ranar 28 ga Yuni 1914 aka harbe Yarima Franz Ferdinand, magajin sarautar Ostiriya, a Sarayebo, har sunan yaron da ya yi harbin, Gavrilo Princip, yana bakina. Sai tambaya ta zo wai me ya sa kisan da aka yi a gari ɗaya ya jefa Turai kaf cikin yaƙi, wato Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na yi zuru ina tauna biro har aka karɓi takarda, na faɗi warwas, sai da na maimaita kwas ɗin. Ashe amsar tana cikin ƙawancen da ƙasashen suka ɗaure kansu da shi, Ostiriya ta far wa Sabiya bisa zargin tana da hannu a kisan, Rasha ta tsaya wa Sabiya, Jamus tana bayan Ostiriya, Faransa kuma da ma akwai alkawari tsakaninta da Rasha, da Jamus ta ratsa ta Beljiyam sai Ingila ma ta shigo, kowa ya jawo ɗan'uwansa cikin wuta.

Tun daga nan na ɗora wa kaina doka, duk shekarar da na rubuta a littafina sai na sa "saboda" a gabanta, in na kasa cike gurbin to ban san ta ba. Gwada da 1933, hawan Hitila mulki. Saboda me? Dole ka koma 1919 ka ga diyyar da aka ɗora wa Jamus a yarjejeniyar Basai da aka ƙulla bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ka biyo ta 1923 da kuɗinsu ya zama takardar banza, ka iso 1929 da kasuwar hannun jari ta rushe a Amurka mutane suka rasa aiki. A nan ne za ka ga yadda yunwa da jin an wulaƙanta mutane suke sa su bi duk wanda ya fi ɗaga murya, kuma wannan ai ba Jamusawa kaɗai ya shafa ba.

Na biyu, kai da kake turo mana abu daga WhatsApp da Facebook kana cewa "tarihi ya nuna", tsakani da Allah wa ya faɗa maka? Ka taɓa tambaya? Ina wannan faɗan ne don ni ma na sha kunya a kai. Na daɗe ina bugun ƙirji cewa a taron Balin na 1884 zuwa 1885 Turawa suka shimfiɗa taswirar Afirka a tebur suka ja iyakokin nan duka da rula. Ran nan ina tsaka da zuba a gaban jama'a wani dattijo ya ce, ɗana a ina ka karanta wannan? Ban da amsa, ji kawai na yi. Da na je na bincika sai na tarar taron da Bismak, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya kira, ƙasashe 14 ba wakilin Afirka ko ɗaya, ya fi karkata ne kan maganar Kwango, da zirga-zirgar jirage a kogin Kwango da Neja, da ƙa'idar yadda ƙasa za ta yi iƙirarin wani yanki nata ne. Yawancin iyakokin daga baya aka yi ta shata su tsakanin ƙasa da ƙasa, ita kanta iyakar Najeriya da Nijar sai da Ingila da Faransa suka yi ta zama a 1890 da 1898 da 1904 da 1906. Zaluncin yana nan daram, amma labarin da nake bayarwa ba haka ya faru ba. Masanin tarihi Ibnu Khaldun tun ƙarni na 14 yake kuka da marubutan da ke kwafo labari ba su ɗora shi a sikelin hankali ba, balle adadin sojojin da ake zuzutawa. Ni dai yanzu sai na ga abu a wuri biyu da ba su kwafi juna ba nake buɗe baki.

Sauran ƙanana ne. Kar ka ji daga bakin wanda ya ci yaƙi kawai, nemi na wanda aka ci. Kar ka ɗauka tarihi sarakuna ne da takubba, murar 1918 ta kashe mutane fiye da yaƙin da ya gabace ta amma da kyar ake tuna ta. Masu shiga tarihi don tsinto tsinin da za su soki wata ƙabila ko addini kuwa, ku dai na bar ku da halinku, na daina ma ba ku aron littafi, don biyu da na bayar har yau ba su dawo ba.