Yadda ake haɗa ruwan alkalin a gida

Mazauna Jidda da Makka sun san ruwan tahliya, ruwan tekun da aka cire wa gishiri. Wasu na kukan salam yake a baki, sai su koma sayen ruwan kwalba mai tsada da aka rubuta wa alkalin. Alhali abu ne da za ka haɗa a kicin cikin minti biyu.

Ma'aunin pH, wanda ke nuna yawan asid (tsami) a abu, daga 0 zuwa 14 yake, 7 ne tsakiya, abin da ya gaza 7 asid ne, abin da ya haura 7 shi ne alkalin.

Ka fara da zuwa bakala, wato kantin kayan masarufi, ka ce a ba ka bikarbonat soda. Duba rubutun jikin gwangwanin da kyau, kada a haɗa ka da bekin foda na kek, domin shi akwai asid a ciki. Sai ka auni lita ɗaya ta ruwan sha a kwalba mai tsabta, ka zuba kwatan ƙaramin cokalin shayi, a shafe, ban da tozo. Rufe ka girgiza har garin ya narke, ruwan ya koma garau, ba komai a gindin kwalbar. In kana da takardar gwajin pH, tsoma ta, za ka ga ya kai wajen 8.

A nan ne mutane ke wuce gona da iri. Ƙara soda ba ya kai ruwan sama da kusan 8.3, sai dai ya yi bauri. Kuma wannan ɗan kwatan cokalin na ɗauke da sinadarin sodiyam kusan miligiram 300, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai 2,000 a rana, ga gishirin miya da magi na jira. Ni kofi ɗaya nake sha, ranar da ƙwannafi ya taso mini bayan shinkafar kabsa.

Lemon tsami asid ne, matsa shi ba ya mai da ruwa alkalin. Kanwar da ake kawo mana tsaraba daga gida kuwa a bar ta a miyar kuka, ta fi soda kaifi, ga yashi.

Kada ka ajiye maganin likita saboda wannan ruwa. Yana isa ciki asid ɗin ciki ke karya shi, jini kuma huhu da ƙoda ke riƙe pH ɗinsa tsakanin 7.35 da 7.45. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai juna biyu, don Allah su tambayi likita tukuna. Jarirai kam ba a ba su. Mai shan magani ya bar tazarar awa biyu tsakani.