Yadda ake haɗa hotunan fMRI da aka ɗauka a zama daban-daban

Idan an saka mutum a na'urar MRI yau don ɗaukar fMRI, wato hotunan da ke nuna aikin ƙwaƙwalwa, aka sake saka shi bayan mako biyu, kada ka jona fayilolin biyu ka mai da su ɗauka guda. Ƙarfin siginar BOLD (siginar da ke bin yawan iskar oxygen a jinin ƙwaƙwalwa) ba ya tsayawa wuri ɗaya daga rana zuwa rana, kuma kan mutum ba zai kwanta daidai inda ya kwanta a baya ba. A mahaɗar sai siginar ta yi tsalle, lissafi ya ɗauka aikin ƙwaƙwalwa ne.

Ni da ajiyar fayiloli nake farawa, bisa tsarin BIDS na shirya fayilolin hoton ƙwaƙwalwa: sub-01/ses-01/func, sai ses-02. Kowane zama da nasa taswirar filin maganaɗisu. Kada ka ari ta jiya ka gyara karkacewar hoton yau, domin an sake saita na'urar.

Daga nan sai daidaitawa. Ka tsayar da hoton T1 ɗaya, wato hoton siffar ƙwaƙwalwa, ga mutumin (manhajar fMRIPrep kan haɗa na zaman duka ta fitar da matsakaici), ka daidaita kowane zama a kansa, sannan ka kai su ma'aunin MNI152, wato samfurin ƙwaƙwalwar da ake daidaita hotunan kowa a kai. Ka buɗe ka duba da idonka, musamman ƙasan goshi da kusa da kunne, inda sigina ke yawan ɓacewa. Nan ne gaggawa ke cutar mutane.

Kowane zama a lissafa shi shi kaɗai, da lambobin motsin kai guda 6 da matatar da ke cire gangarar sigina: daƙiƙa 128 a manhajar SPM, 100 a manhajar FSL. Inda kai ya motsa fiye da milimita 0.5 tsakanin hoto da hoto, da yawa kan cire hoton daga lissafi.

Sai yanzu ake haɗawa. A FEAT, sashen lissafi na FSL, ka zaɓi "Fixed effects" a mataki na biyu, inda ake haɗa zaman mutum ɗaya. A SPM kuwa, ka shigar da zaman duka cikin lissafi ɗaya, shi zai ba kowanne nasa matsakaici, amma ka maimaita lambobin kwatancinka (contrast) ga kowane zama. Na fi son hanyar FSL, don ina ganin sakamakon kowace rana kafin a cakuɗa.

A matakin rukuni, taswira ɗaya tak ga kowane mutum. Masu binciken Midnight Scan Club na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ɗauki mutum 10, kowanne zama 10. Mutum 10 ke nan a lissafin rukuni, ba 100 ba.