Kurakuran da masu lambu ke yi wa 'yan kaskar ƙasa

Duk wanda ya tashi a Mai Wurno ko ƙauyukan Jazira a Sudan ya san jan ƙwaron nan mai laushi kamar karan-miski da ke fitowa bayan ruwan farko, wanda Larabawan nan ke kira wad al-maɗar. Yara kan ɗora shi a tafin hannu su yi ta wasa. In ka ƙirga ƙafafunsa za ka samu takwas, domin dangin kaska ne da gizo-gizo. Shi ne ƙaton gidan. Ƙannensa, waɗanda mafi yawansu ba su kai milimita ɗaya ba, suna cikin ƙasar lambunka, ƙarƙashin busasshen ganye da tarin taki, kuma da yawansu farauta ce abincinsu. Ni 'yan kaskar ƙasa nake kiran su.

Masana sun raba su gida-gida. Na gidan Macrochelidae suna zama a cikin taki suna cin ƙwan ƙuda, har sukan maƙale a jikin ƙuda ya kai su sabon juji. Na gidan Laelapidae akwai wanda ake kiwo a Turai ana sayar wa manoma a kwalba. Akwai kuma gidaje irin su Pachylaelapidae da har yau ba a yi musu bincike mai yawa ba, musamman a ƙasashenmu masu zafi, ga shi muna kashe su kullum ba tare da mun san suna nan ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne yi musu kuɗin goro da jan gizo-gizon da ke cinye ganyen tumatir da yalo. Mutum ya tona gindin shuka ya ga wasu ƙananan abubuwa na gudu, sai ya ce cuta ta shigo, a kawo famfon feshi. Ɗan'uwa, dakata ka nemi gilashin ƙara girma, ko mai ninki goma ya isa. Mai ɓarna a bayan ganye yake zama, tafiyarsa a hankali, yana saƙa siririyar yana, ganyen kuma ya yi ɗigo-ɗigon rawaya. Mafaraucin ƙasa ruwan ƙasa-ƙasa ne, bayansa na sheƙi, yana da sauri, yana miƙa ƙafafunsa biyu na gaba yana lalube da su. Ganye ba abincinsa ba ne.

Daga nan sai feshi na al'ada, a yi duk mako ko an ga ƙwaro ko ba a gani ba, a jiƙa ganye har magani ya riƙa ɗiga cikin ƙasa. Wannan ya fi ba ni takaici, saboda mu nan mun riga mun ga ƙarshen irin wannan hanya. A ƙarshen shekarun 1970, bayan an yi shekaru ana feshin audugar Jazira da jirgin sama, ƙwarin da ke cin farin ƙuda suka ƙare, shi kuma ya yi ƙarfi har audugar ta riƙa danƙo da ruwan zaƙin da yake fitarwa, wanda ake kira asala, darajarta ta faɗi a kasuwa. Dattawan da suka yi aikin hawasha, wato gonakin haya na Jazira, a lokacin suna nan da ransu, a tambaye su. Abin da ya faru a saman ganye shi ke faruwa a ƙasa. Ɗauki tirifs, siririn ƙwaron da ke tsotsar ganyen albasa: idan tsutsarsa ta ƙoshi, ƙasa take sauka ta kwanta kafin ta yi fiffike, kuma a nan ne 'yan kaskar ƙasa ke riskar ta. Ka kashe su, ka buɗe wa tirifs ƙofa. Gyaran shi ne ka duba gonar kafin ka haɗa magani, ka fesa kwamin da cutar take kaɗai, kuma kada ka zubar da ragowar famfo a gindin shuka.

Ƙona ganye da shara bayan girbi ma kuskure ne. Wannan ganyen shi ne ɗakinsu, shi ke riƙe musu laima. Baƙar ƙasar Jazira in ta zauna tsirara a watan Afrilu dagargajewa take yi, babu ƙaramar halittar da za ta jure a samanta. Tara ganyen a gefen kwami, ka haɗa da takin da ya ruɓe, ka riƙa yayyafa ruwa. Shukar da cuta ta kama ita ce za ka cire ka ƙone.

Ɗalibanmu masu karatun noma, ku ma akwai naku. Hanyar fito da waɗannan halittu tsohuwa ce: Antoniyo Barlese ɗan Italiya ya ƙirƙiro mazurarinsa a 1905, daga baya aka ƙara masa kwan lantarki. A zuba ƙasa da ganye a kan raga cikin mazurari, kwan ya busar da ita daga sama a hankali, su kuma su yi ta gudu ƙasa har su faɗa kwalbar isbirto, wato sinadarin alkohol, mai ƙarfin kashi 70. Gorar ruwa da aka yanke ma tana yi. Amma sai ɗalibi ya debo busasshiyar ƙura da tsakar rana, ya ɗaure a leda, ya bar ta a rana, sannan ya manna kwan a kanta don ya gama da wuri. Dafa su ya yi. Debo da sassafe daga inda ke da laima, ka ajiye a inuwa, ka ɗaga kwan nesa, ka ba shi kamar mako guda. Rubuta wuri da kwanan wata da fensir a 'yar takarda ka jefa cikin kwalbar, domin isbirto na wanke tawada. Ruwan Hoya (Hoyer) da za ka manna su da shi a gilashi don dubawa a madubin ƙara girma, da ƙaro ake haɗa shi, irin na itacen hashab da ake kawowa daga Kurdufan.