Yadda Tsohon Sojan Amurka Zai Nemi Kuɗin Mai Jinya a Gida

Tsohon sojan Amurka da tsufa ya kai shi ga sai an yi masa wanka, an sa masa tufafi, an ba shi abinci, yana iya neman kuɗi daga Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda ake kira VA, domin ya biya mai kula da shi ba tare da ya bar gidansa ba. Sunan tallafin Aid and Attendance, kuma ƙari ne a kan fanshon da ma'aikatar ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi, don haka sai wanda ya cancanci fanshon ne zai same shi.

A fara duba takardar sallamarsa daga soja, wato DD214. Wanda ya shiga aiki kafin 8 ga Satumba 1980 ana bukatar ya yi kwana 90, aƙalla ɗaya daga ciki a lokacin yaƙi, wanda ya shiga bayan haka kuwa galibi sai ya cika wata 24. Ba lallai ne ya je fagen daga ba, domin kwanan wata ake dubawa, kamar yaƙin Koriya daga 1950 zuwa 1955, ko yaƙin Tekun Fasha da aka fara ƙirgawa daga 2 ga Agusta 1990. Sannan ya kai shekara 65 ko yana da nakasa ta dindindin, kuma ba korar wulaƙanci aka yi masa ba. Idan takardar ta ɓace, ana neman kwafi a cibiyar ajiyar bayanan sojoji da ke St. Louis, sai dai gobarar 1973 ta cinye miliyoyin fayiloli a can, saboda haka kada a yi jinkirin nema.

Inda iyalai suka fi yin kuskure shi ne lissafi. Da yawa sukan dubi kuɗin da dattijo ke samu duk wata su ce ya wuce iyaka, su haƙura, alhali VA sai ta cire mafi yawan abin da yake kashewa daga aljihunsa kan magani da jinya, har da albashin mai kula da shi a gida, kafin ta ƙirga kuɗin shigarsa. Abin da ya rage shi ake debewa daga ƙololuwar fanshon, wadda daga Disamba 2024 zuwa Nuwamba 2025, haɗe da wannan ƙarin, ta kasance dala 28,300 a shekara ga wanda ba shi da iyali a wuyansa, sai a biya shi sauran. Shi ya sa ya kamata a riƙa adana kowane rasit da shaidar biyan mai jinya. Dukiya ma tana da iyaka, wadda ta kasance dala 159,240 a wancan lokacin, amma gidan da yake zaune da motarsa ba sa ciki. Kada a yi dabarar raba wa 'ya'ya dukiya gab da nema, domin tun Oktoba 2018 ana bin sawun kyautar da aka yi a shekara uku da suka wuce, kuma hukuncin na iya hana fansho har shekara biyar.

Wajen cike takardu, shawarata a fara da fom 21-0966, wanda ke sanar da niyyar nema. Yana ba da shekara ɗaya ta haɗa sauran hujjoji, kuma idan aka amince, da ranar da aka miƙa shi ake lissafin kuɗin. Daga nan sai fom 21P-527EZ na fanshon kansa, da fom 21-2680 wanda likita ke cikewa. A roƙi likitan ya fayyace abin da dattijon ba ya iya yi da kansa, domin sunan ciwo kaɗai ba ya isa hujja. Matar sojan da ya rasu tana nema da fom 21P-534EZ.

Wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, idan yana da rajista a tsarin lafiya na VA, ya tambayi jami'in jin daɗin jama'a na asibitinsa game da shirin Veteran-Directed Care, wanda a wuraren da ake gudanar da shi yake ba tsohon soja damar ɗaukar ɗansa ko maƙwabcinsa aikin jinya. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da VFW suna da wakilan da VA ta amince da su, waɗanda ke taimakawa da cike fom kyauta, kuma doka ta hana kowa karɓar kuɗi don shirya takardar nema ta farko.