Yadda za ka kira 112 ba tare da tsoro ya sa ka toshe wa wani layi ba

Jama'a maganar lambar gaggawa nake so mu yi, 112 ɗin nan da ake kira kyauta a Najeriya ko ba ka da ko sisi a waya. Hukumar sadarwa ta NCC ce ta gina cibiyoyin amsa kiran a Abuja da jihohi, in ka kira su ne za su haɗa ka da 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko rod sefti ko motar asibiti. Akwai inda take aiki sosai akwai inda sai a hankali, don haka ka haɗa da lambar ofishin 'yan sandan unguwarku da ta kwana-kwanan jiharku, ta rod sefti kuma 122 ce. 'Yan uwanmu na Nijar 17 ce ta 'yan sanda, 18 ta masu kashe gobara.

Abu na farko, kafin ka danna ka tambayi kanka: da idona na gani ko ji na yi? Wallahi nan ne matsalarmu take. Wani zai turo murya a gurup ɗin WhatsApp yana haki yana cewa gasu nan sun shigo, ba sunan gari ba rana ba komai, kafin minti goma unguwa ta rikice mata sun fito neman yara a makaranta kowa na kiran jami'an tsaro, ƙarshe a gano tayar tirela ce ta fashe ko kuma muryar ta bara ce daga wata jiha. Ban ga laifin mai jin tsoro ba, abin da muka gani na 'yan bindiga da satar mutane ya isa ya sa zuciya ta riƙa tsinkewa. Amma ku tuna watan Agustan 2014 lokacin Ebola, da dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasar nan wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka tashi da asuba suna yi, aka kwantar da wasu a asibiti har aka rasa rayuka, alhali cutar ma ba ta je garuruwansu ba. In saƙon fowadin ne kawai a hannunka, fara kiran wani da ka sani a wurin da aka ambata, ko mai unguwa.

In kuwa da idonka ka gani, wuta ta kama gida, mota ta kife da mutane, ɓarayi na ɓalle ƙofar maƙwabci, wani ya faɗi ba ya numfashi, mace na zubar da jini wajen haihuwa, to kira nan take kar ka ce ai wani ya riga ya kira. Sau da yawa mutum hamsin ne a tsaye kowa na ɗaukar bidiyo, ba wanda ya kira.

Da an ɗaga, ja numfashi, ka fara da wurin. Wurin tukuna kafin labari, saboda sabis zai iya ɗaukewa a tsakiya, in sun san inda kake ko layi ya yanke an samu abin kamawa. Faɗi jiha da gari da unguwa, sannan kwatance irin wanda direba zai gane, bayan masallacin Juma'a layi na biyu hannun dama, gida mai jan get kusa da taransifoma. Kar ka ce gidan Alhaji kawai, wane Alhajin? Sai abin da ya faru a taƙaice, mutum nawa abin ya shafa, akwai yara ko babu, in wuta ce ta lantarki ce ko gas ko fetur don ba iri ɗaya ake kashe su ba. Abin da ba ka gani ba ka ce ban gani ba, kar ka ƙara gishiri wai don su yi sauri, in ka ce mutum ashirin da bindigogi alhali biyu ka hango, ka sa an kwaso motocin da wani wurin ke buƙata. Kar ka kashe sai sun sallame ka, ka bar layinka a buɗe, ka tura yaro babba bakin titi ya tare su, a kuma janye mashina da baro daga bakin lungu.

Sai masu kira don wasa, abin nan yana ci min rai sosai. Mai filashin, mai gwada ko lambar na aiki, mai son jin muryar mace, mai tambayar yaushe za a kawo wuta. Hukumar kashe gobara ta Kano in ta fitar da rahotonta na wata har da adadin kiran ƙarya take lissafawa, ka ga kenan mota ta fita da ruwa da mai da ma'aikata a banza, a daidai lokacin kuma wata uwa na can tana kira layi a cike. Masu amsa wayar nan ba su da yawa, kowane minti da ka cinye na wani ne. Rigimar bashi, akuya ta ci shuka, maƙwabci ya kunna janareto, waɗannan na mai unguwa ne ko ka taka zuwa caji ofis da rana. A Ingila ma da suka fara lambar gaggawarsu 999 tun 1937 sai da suka ware 101 don ƙananan ƙorafi saboda a bar wa masu gaggawa hanya.

Wani kiran kuma ba da gangan ba ne. Wayoyin yanzu da yawa in ka danna maɓallin kunnawa sau biyar a jere da kansu suke kiran gaggawa, tana aljihu kana kan mashin sai ta kira, shiga setin ka duba. Tsohuwar wayar da ka ba yaro ya yi gem ita ma tana iya kira ko a kulle take. In ta faru kar ka katse don kunya, tsaya ka ce kuskure ne lafiya lau, shi kenan. Yaran kuma a koya musu lambar da kwatancen gidansu, a gaya musu ta ranar wuta ce da haɗari.

Akwai kuma ɗaya tsoron, na ƙin kira don kar a riƙe ka a ce kai ne shaida ko ma kai ka yi. Wannan tsoron na da dalili, mutane sun sha wahala a kai. Amma ka sani tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa asibiti na gwamnati ko na kuɗi ya karɓi wanda aka harba ba sai da takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi kar a takura masa da tambayoyi. In har yanzu gabanka na faɗuwa, kira wani babba a unguwa ya tsaya tare da kai, ka rubuta lokacin da ka kira da abin da ka faɗa, amma dai ka kira.